Kwaɗon pthread na glibc: kaya mai kyau, amma kada ka bar shi yadda ya zo

Sana'ata rubuta manhajar awo da lissafi ga masu mangazar amfanin gona a nan Maradi da kewaye, masu sayen aya da riɗi da wake suna lodi zuwa Katsina da Kano ta hanyar Ɗan Isa. Manhajar a harshen C nake rubuta ta, kuma a kan ƴar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4 take zama, cikin ɗan akwati kusa da sikeli. Abin da nake son yi wa ƴan'uwa bayani yau wani yanki ne na glibc, laburaren harshen C da ake amfani da shi a Linux, wato kwaɗon da zaruruwan manhaja (ƙananan ayyukan da ke gudana tare a cikin manhaja guda) ke riƙewa bi da bi don kada biyu su taɓa bayani guda a lokaci guda, tare da saitukan da ke canza halinsa. A cikin kod sunansa pthread_mutex_t, saitukan kuma pthread_mutexattr_t. Ra'ayina a kansa a fili yake. Kaya ne mai inganci, kuma ba a biyan ko dala a kansa. Sai dai yadda yake zuwa, don gudu aka saita shi, ba don ya faɗa maka lokacin da abu ya lalace ba, kuma mu da na'urorinmu ke nesa da mu wannan faɗar ta fi mana gudun amfani.

Ga yadda aikin yake a wurina. Manhajoji biyu ke gudana a kan na'urar. Ta farko abu ɗaya ta sani: ta karanta nauyi daga sikeli ta wayar siriyal, ta ajiye shi a wani yankin ƙwaƙwalwa da suke tarayya da ta biyu. Ta biyun ita ce mai zaruruwa da yawa. Akwai na allo, akwai na firintar rasit, akwai mai zuba lissafi cikin ma'ajiyar bayanai ta SQLite, akwai kuma mai jiran layin salula ya samu ya tura jimillar yini zuwa wayar mai mangaza. Dukkansu abu ɗaya suke taɓawa: buhu nawa, kilo nawa, kuɗi nawa, na wane ne. In zaren firinta ya karanta daidai lokacin da aka canza kilo amma ba a kai ga canza kuɗi ba, manomi zai fita da takarda mai nauyin buhunsa da kuɗin buhun wani. Mutumin da ya taso daga ƙauye da amalanke tun asuba bai cancanci haka ba, kuma mai mangazar da aka kama da irin wannan takarda sau ɗaya, sai ya daɗe yana wanke sunansa a kasuwa.

Abin yabo na farko sauri ne. Kwaɗon yana zaune ne a kan futex, dabarar kwantar da zare da tayar da shi, wanda ya shiga Linux a 2002, da laburaren zaruruwa na NPTL da Ulrich Drepper da Ingo Molnar suka tsara, wanda ya zama na yau da kullum tare da Linux 2.6 a 2003. In babu wanda ke riƙe da kwaɗon, kullewa da buɗewa ba sa zuwa wurin zuciyar Linux (kernel, ɓangaren da ke sarrafa na'urar) ko kaɗan. Umarni guda ne na furosesa a kan wata lamba a ƙwaƙwalwa. Sai an samu cunkoso ne ake kwantar da zare ya yi barci. Tun glibc 2.34 na 2021 an haɗe libpthread, laburaren zaruruwa, cikin babban laburaren libc kanta, to a Debian 12 da Raspberry Pi OS da aka gina a kansa, masu glibc 2.36, ba ka da wani abu da za ka sauke. Yana nan a na'urar tun ranar da ka kunna ta.

Damuwata tana farawa daga layin da kowane darasi ke koya wa ɗalibi, PTHREAD_MUTEX_INITIALIZER. Layi ɗaya, ka samu kwaɗo, ka wuce. Wanda ka samu ɗin a glibc shi ne nau'in NORMAL, kuma wannan nau'in bebe ne. In zare ya sake kulle kwaɗon da yake riƙe da shi, zai tsaya yana jiran kansa har abada, babu saƙo, babu faɗuwa, babu komai a littafin tarihin na'ura. In wani zaren da ba shi ya kulle ba ya zo ya buɗe, glibc ba ta tambayarsa ko shi wane ne. Ta buɗe masa, ƙa'idar POSIX, wadda ta tsara yadda waɗannan umarnai za su yi aiki, kuma ta ce abin da zai biyo baya ba a ƙayyade shi ba. Ga mai aiki a babban kamfani da sabar ke gabansa, manhaja ta cije yana haɗa gdb, manhajar binciken kuskure, ya duba. Ni kuwa abin da ke zuwa mini waya ce daga Tasawa, fiye da kilomita 100 daga nan: “Malam, na'urarka ta tsaya, ga mutane a layi.” Yaron mangaza zai cire wuta ya mayar, aiki ya ci gaba, shaidar abin da ya faru kuma ta tafi da wutar.

Maganin bai fi layi shida ba, kuma nan ne kayan ya nuna darajarsa:

pthread_mutexattr_t hali;
pthread_mutexattr_init(&hali);
pthread_mutexattr_settype(&hali, PTHREAD_MUTEX_ERRORCHECK);
pthread_mutexattr_setpshared(&hali, PTHREAD_PROCESS_SHARED);
pthread_mutexattr_setrobust(&hali, PTHREAD_MUTEX_ROBUST);
pthread_mutex_init(&tarayya->kwado, &hali);

Duk saitin da kake so, kafin pthread_mutex_init ake yin sa. Da zarar an haifi kwaɗo, halinsa ya zauna. In ka koma ka canza hali daga baya, wanda aka riga aka yi bai san kana yi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Nau'in ERRORCHECK yana rubuta lambar zaren da ke riƙe da shi, yana kuma duba ta. Ka sake kullewa, ya mayar maka da EDEADLK, lamba 35 a Linux, maimakon ya cije. Ka buɗe wanda ba naka ba, ko wanda ba a kulle ba, ya ba ka EPERM. Da yawa suna cewa a yi amfani da shi lokacin gwaji kawai, in za a kai wa mai kaya a mayar da NORMAL don sauri. Ban yarda da wannan shawarar ba, aƙalla ga irin aikinmu. Abin da aka ƙara kwatanta lamba biyu ne. Sikeli ba ya aiko da nauyi da saurin da wannan zai dame shi, firintar rasit kuwa ta fi komai nawa a cikin akwatin. Kuma kurakuran da ke kashe mutum ba a ɗakin gwaji suke fitowa ba, a watan Afrilu suke fitowa, zafi ya haura 40, layi ya yanke a tsakiyar turawa, takarda ta ƙare a firinta, manhaja ta bi wata hanyar kuskure da ba a taɓa bi ba. Ranar nan nake son kwaɗo mai magana. Ni ina barinsa a kunne har wurin mai kaya, kuma in ya ba da EDEADLK ko EPERM, manhajar tana rubuta sunan fayil da lambar layi a katin ajiya, ta kashe kanta, systemd, mai kula da tayar da manhajoji a na'urar, ya sake tayar da ita. Mai awo zai ga allo ya ƙifta, ni kuma in na zo zan tarar da bayani yana jirana.

Amma a kula, duk wannan aikin banza ne in ba ka duba amsar da umarnin ya mayar. Mafi yawan kod ɗin da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ke kawo mini in duba musu, pthread_mutex_lock a tsaye yake shi kaɗai a layi, ba a karɓi amsarsa ba. Da kwaɗon NORMAL wannan yana wucewa. Da ERRORCHECK ya fi haɗari, don zaren da aka ce wa EDEADLK zai shige ya yi aikinsa, ya buɗe kwaɗon a ƙarshe, sauran aikin da ke waje ya ci gaba babu kariya. Sannan umarnan pthread ba sa taɓa errno, inda aka saba ajiye lambar kuskure a C. Lambar kuskuren ita ce amsar da suka mayar, ita za ka miƙa wa strerror ya mayar maka da ita kalmomi. Na sha gaya wa yaran nan, ƙanena, rubuta ƙaramin aiki naka guda mai suna kulle, ya kira na glibc, ya duba amsa, kada ka sake kiran na glibc kai tsaye a ko'ina. A nan ina ganin laburaren ya yi sakaci, da ya sa mai harhaɗa kod ya yi gargaɗi in an yar da amsar, da ya taimaki masu koyo ƙwarai.

Akwai kuma abin da ERRORCHECK ba ya gani. In zare na farko ya riƙe kwaɗon lissafi yana jiran na firinta, na biyu ya riƙe na firinta yana jiran na lissafi, kowanne a ganinsa daidai yake, su biyun kuma sun tsaya. Wannan sai ka tsayar da doka a kod ɗinka cewa kullum wane ake fara kullewa, ka kuma gwada da ThreadSanitizer ko Helgrind, waɗanda ke lura da jerin kullewa su faɗa maka in ya saɓa. ThreadSanitizer yana rage gudu ninki 5 zuwa 15 kamar yadda masu shi suka rubuta, don haka a laftof nake yin wannan gwajin, ba a Pi ba.

Yanzu ga saitin da ya sa na zauna rubuta wannan, wato ROBUST. Laburaren da wani mai ƙera sikeli ke bayarwa don karanta nauyi, wanda ba a ba mu kod ɗinsa ba, yakan faɗi in wayar ta motsa, kuma a mangaza waya ba ta rasa motsi, ƴan dako na jifa da buhu mai kilo ɗari a gefenta. In ya faɗi, yana tafiya da manhajar sikeli gaba ɗaya. In faɗuwar ta zo tana riƙe da kwaɗon tarayya, to da kwaɗon da aka saba, magana ta ƙare: systemd zai tayar da sabuwa, sabuwar ta zo ta tarar da kulle, ta zauna jiran wadda ta riga ta mutu, manhajar allo ita ma ta bi sahu. Saitin ROBUST shi ne ya warware wannan. Zuciyar Linux ta samu abin da ake buƙata tun 2.6.17 a 2006, POSIX ta amince da shi a bugun 2008, glibc kuma ta ba shi sunansa na yanzu daga 2.12.

Yadda yake aiki ya burge ni, don babu wani mai gadi da ke zagayawa yana dubawa. Kowane zare yana gaya wa zuciyar Linux inda jerinsa yake, ta set_robust_list. Duk lokacin da ya kulle irin wannan kwaɗo, glibc tana saƙala shi a jerin, a ƙwaƙwalwar zaren kansa, ba tare da an tashi zuciyar ba. Ranar da zaren ya mutu, ko da kill -9 aka kashe shi, zuciyar tana bin jerin, ta sa wa kowane kwaɗo alamar cewa mai shi ya mutu, ta tayar da ɗaya daga cikin masu jira. Tana bin har guda 2048, adadin da ya wuce buƙatar kowa a cikinmu. Wanda aka tayar zai samu amsa EOWNERDEAD, lamba 130.

Nan ne mutane ke ruɗewa, don amsar ba sifili ba ce amma kwaɗon yana hannunka. An ba ka shi, tare da gargaɗin cewa bayanin da yake karewa wataƙila rabi aka rubuta. Aikinka ne ka gyara bayanin, ka kira pthread_mutex_consistent, sannan ka buɗe. In ka buɗe ba ka kira shi ba, kwaɗon ya mutu ke nan, duk wanda ya zo bayanka ENOTRECOVERABLE zai samu, sai dai a rushe shi a yi sabo. Da farko wannan yana kama da tsanani, amma na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Laburaren bai san mene ne kilo ba, bai san mene ne kuɗi ba, to ba zai iya cewa bayaninka lafiya yake ba, kuma ya ƙi yin kamar ya sani. In kuma mai gyaran ya mutu kafin ya gama, na gaba zai sake samun EOWNERDEAD, ba a ɓoye masa komai.

Gyaran da nake yi ba shi da wahala, kuma da gangan na sa shi haka. Ba na ƙoƙarin ceto awon da aka katse. Manhajar tana share nauyin da ke kan sikeli a lokacin, ta bar duk abin da ya riga ya shiga SQLite yadda yake, ta rubuta a allo da manyan baƙaƙe: A SAKE AWO. Buhun yana nan a kan sikeli, mai shi yana tsaye yana kallo, sake awo bai fi ƙiftawar ido ba. Wani Alhaji da na yi wa bayanin wannan cewa ya yi, “To Malam, ai haka mu ma muke yi in an yi gardama.” Wanda zai yi amfani da ROBUST ya fara zama ya tambayi kansa, in an katse ni a kowane layi tsakanin kullewa da buɗewa, ta yaya na gaba zai gane? In babu amsa, saitin ba zai ƙirƙiro masa ita ba. Ƙarin abu guda da ba kowa ke lura da shi ba: pthread_cond_wait, wanda ke sakin kwaɗo ya jira a tayar da shi, shi ma yana iya mayar da EOWNERDEAD, tunda shi ma sake kulle kwaɗon yake yi kafin ya dawo, to dole a duba amsarsa daidai da ta kullewa.

Sai iyakar wannan saitin, wadda ta shafe mu fiye da mutanen da suka tsara shi. ROBUST yana kare ka daga mutuwar manhaja, ba daga ɗaukewar wuta ba. Mai sa alamar ita ce zuciyar Linux, in wuta ta tafi ita ma ta tafi, babu wanda ya rage da zai bi jeri. In yankin tarayyarka da shm_open ka buɗe shi, babu damuwa, don /dev/shm a ƙwaƙwalwa yake, yana gogewa in an kashe na'ura, ka fara da sabon kwaɗo. Amma na ga kod ɗin da aka ajiye kwaɗon a cikin fayil a kan katin ajiya aka shimfiɗa shi da mmap, da nufin wai bayani ya tsira in wuta ta ɗauke. Bayanin ya tsira, kullen ma ya tsira tare da shi. Na'ura ta tashi, manhaja ta tarar da lambar wani zare na jiya a rubuce, ta zauna jiransa. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya, batirin sola kuma yana ƙarewa kafin asuba lokacin hazo, wannan ba abin da zai faru sau ɗaya a shekara ba ne. Ma'ajiyar bayanai ta LMDB, wadda ita ma ke amfani da irin wannan kwaɗo a Linux, ta san da tarkon: wanda ya fara buɗe ma'ajiyar, in ya tabbatar shi kaɗai ne, sake haifar kwaɗon yake yi daga farko. Ni hanya mafi sauƙi na bi. Kwaɗo a /dev/shm, lissafi a SQLite, ba sa kwana ɗaki ɗaya. Sannan wata ƴar manhaja ce ke haifar kwaɗon lokacin tashin na'ura kafin systemd ya saki sauran biyun, don kada su yi rige-rigen haifarsa, wani ya kulle wani ya zo ya share.

Wani abin lura ga masu tarayya tsakanin manhajoji: girman pthread_mutex_t ba ɗaya ba ne ko'ina. Bayit 24 ne a ARM mai bit 32, 48 a ARM mai bit 64, 40 a laftof mai x86-64. In mai sikeli ya ba ka laburare na bit 32 kaɗai, kai kuma ka harhaɗa ɗaya manhajar a bit 64, ba za su iya raba kwaɗo ɗaya ba ko da sun ga ƙwaƙwalwa ɗaya. Dole duka biyun su zama iri ɗaya, ko ka koma tura saƙo ta soket.

Maganar agogo ita ma tamu ce. pthread_mutex_timedlock yana ba ka damar cewa in lokaci kaza ya yi ban samu ba, a sallame ni da ETIMEDOUT. Amma lokacin da agogon bango yake auna shi, CLOCK_REALTIME, kuma Raspberry Pi 4 ba ta da agogo mai batir. Tana tashi da lokacin da ta ajiye kafin a kashe ta, sai layi ya samu ta tambayi intanet, agogo ya yi tsalle da awoyi. In tsallen gaba ne, wa'adinka ya cika nan take ba tare da ka jira ba. In baya ne, jiran daƙiƙa biyu ya zama na dogon lokaci. glibc 2.30 ta 2019 ta kawo pthread_mutex_clocklock, wanda ke karɓar CLOCK_MONOTONIC, agogon da ba ya tsalle, kuma POSIX ta 2024 ta shigar da shi ƙa'ida. Shi nake kira yanzu a ko'ina. Raspberry Pi 5 ta zo da agogonta, amma sai ka saya mata batir daban, kuma gyaran lokaci daga intanet bai daina aukuwa ba.

Saitin fifiko, pthread_mutexattr_setprotocol, shi ne wanda ya fi suna saboda abin da ya faru da kumbon Pathfinder na hukumar NASA bayan ya sauka a duniyar Mars ranar 4 ga Yuli 1997. Kwamfutarsa, mai tsarin VxWorks, ta riƙa sake kunna kanta. Wani aiki mai ƙaramin fifiko, na auna yanayi, yana riƙe da kwaɗo. Aiki mai babban fifiko yana jiransa. Masu matsakaicin fifiko kuma suka hana ƙaramin samun furosesa ya gama ya saki. Injiniyoyi suka gyara daga nan duniya ta hanyar kunna gadon fifiko a kwaɗon. A glibc sunansa PTHREAD_PRIO_INHERIT, Linux kuma tana goyon bayansa tun 2.6.18: mai riƙe da kwaɗo yana aron fifikon babban da ke jiransa har sai ya saki.

A mangaza ban ga buƙatarsa ba. Pi 4 tana da furosesa huɗu, zaruruwana kuma duk talakawa ne, babu wanda na ba fifiko na musamman. Inda ya yi mini amfani shi ne wani ɗan aiki a lambunan Jiratawa, na'urar da ke kashe famfon sola in ruwan rijiya ya yi ƙasa don kada ya yi ta juyi a bushe ya ƙone. Can Pi Zero W ce, mai furosesa ɗaya tak. Zaren da ke kashe famfo yana kan SCHED_FIFO, inda fifiko ke tafiya daga 1 zuwa 99, mai rubuta tarihi kuma yana ƙasa, kuma suna raba kwaɗo ɗaya. A irin wannan wurin kada ka yi jayayya, kunna shi. Ɗan'uwansa PTHREAD_PRIO_PROTECT, mai ɗaga duk wanda ya kulle zuwa wani rufin da ka ƙayyade, ban so shi ba, don glibc tana zuwa wurin zuciyar Linux ta canza fifiko a lokacin kullewa ko da babu mai jira, saurin da na yaba a farko ya tafi ke nan.

Nau'in RECURSIVE yana barin zare ya kulle sau da yawa, yana ƙirgawa, sai an buɗe daidai adadin kafin ya saku. SQLite na amfani da shi a cikinta, kuma yana da wurinsa in kana aiki da tsohon laburaren da ke sake kiran kod ɗinka yana riƙe da kwaɗo. A sabon kod ba na son ganinsa. Yawanci ana kunna shi ne don a rufe bakin EDEADLK, alhali EDEADLK gaskiya ya faɗa: ba ka san wa ke riƙe da me ba. Kuma in ka kulle sau biyu ka shiga pthread_cond_wait, hawa ɗaya kawai za a saki, mai tayar da kai ba zai samu shiga ba. Gara ka raba aikin biyu, na waje mai kullewa, na ciki mai ɗaukar cewa an riga an kulle. Shi kuwa PTHREAD_MUTEX_ADAPTIVE_NP, mai ɗan juyawa har sau 100 kafin ya kwanta barci, na manyan sabobi ne masu cunkoso; a furosesa ɗaya ba shi da wani amfani.

Inda kayan ya fi ba ni wahala shi ne takardunsa. A Debian bayanin a warwatse yake, wani shafi a manpages-dev, wani a glibc-doc, ainihin rubutun ƙa'idar kuma a manpages-posix-dev. Mai koyo zai buga man ya ga babu, ya ɗauka abin babu shi. Shawarata a sauke ukun rana ɗaya da layi ke da kyau, a ajiye, don teburin da ke shafin POSIX na pthread_mutex_lock, mai nuna abin da kowane nau'i ke yi in an sake kullewa ko an buɗe na wani, ya fi darussa da yawa da na gani. Akwai fassarar Faransanci ta wasu shafukan a manpages-fr-dev ga wanda ya fi sakewa da ita. Masu C++ kuma su sani std::mutex ba ya ba da hanyar sa ko ɗaya daga cikin waɗannan saituka. In kana son ROBUST ko gadon fifiko, sai ka naɗe pthread_mutex_t a cikin ajinka mai lock da unlock, std::lock_guard zai karɓe shi. Wanda ya taso a Windows zai gane ROBUST da sauri, don shi ne kusan abin da WAIT_ABANDONED ke faɗa a can.

Duk sunan da ya ƙare da _NP ba na ƙa'ida ba ne, kuma in ka koma Linux na Alpine, mai laburaren musl maimakon glibc, za ka tarar wasu babu su, kamar PTHREAD_RECURSIVE_MUTEX_INITIALIZER_NP. ROBUST kansa, duk da yana cikin ƙa'ida, babu shi a macOS, babu shi a laburaren Android. Wannan ya shafe ni kai tsaye, don masu mangaza da dama sun fi son su ga komai a kwamfutar hannu ta Android su huta da akwati da wayoyi. Na duba, na ga in na mayar da karatun sikeli can, zan rasa abin da ke tsayar da manhajar da ƙafafunta in laburaren sikeli ya faɗi. Don haka awo da kwaɗonsa suna nan a kan Pi, kwamfutar hannun kuwa allo ce kawai da ke tambayar nauyi ta WiFi.